Maun da dausayin Okavango: a tsaya a garin ko a wuce kai tsaye?

Baban Amira:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san ƙasar Botsuwana. Ofishinmu zai tura ni taro a Gaborone cikin watan Yuli, kuma ina so in ƙara 'yan kwanaki da kuɗin aljihuna in leƙa Okavango, don ban san ko zan sake samun irin wannan dama ba. Mai shirya tafiyar da na tuntuɓa ya ce in na sauka a Maun ba sai na shiga gari ba, daga filin jirgi in hau ƙaramin jirgi zuwa wani sansani a tsakiyar ruwa. Kuɗin da ya yanka mini na kwana ɗaya ya haura dala 1,000. Shin babu wata hanya mai sauƙi? Kuma shi Maun ɗin, da gaske babu abin da mutum zai tsaya gani?

Ɗan Nguru:
Wa alaikumus salam Baban Amira. Kada ka yi gaggawar biyan kuɗin nan. Na zauna a Maun lokacin da nake aikin bincike kan ruwa, kuma ina gaya maka wanda ya tsallake garin ta sama ya ga giwa da zaki, amma bai san inda ya je ba.

Watan da za ka je shi ne mafi dacewa, ga kuma dalili. Kogin Okavango daga duwatsun Angola yake tasowa, ya ratsa wani siririn yanki na Namibiya, ya shigo Botsuwana, amma ba ya kaiwa teku. Cikin rairayin Kalahari yake bajewa ya ƙare. Ruwan saman da ke cika shi a Angola yake sauka, tun wajen Disamba zuwa Maris. To ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce ƙwarai, gangarenta bai wuce mita 60 ba a tafiyar kilomita 250, ga ciyayi da rairayi suna riƙe ruwan, sai ya shafe watanni yana rarrafowa. Ba ya isowa Maun sai wajen Yuni ko Yuli, lokacin da rani ya kankama a can, ciyawar daji ta bushe, sama babu ko gajimare. Ambaliya a tsakiyar rani ke nan. Shi ya sa dabbobin daji suke tururuwa zuwa bakin ruwan a daidai wannan lokaci. In ruwa ya yi yawa, dausayin yakan kai murabba'in kilomita 15,000, kuma kusan dukkansa rana da tsirrai ke shanyewa. Abin da ke fitowa ta kogin Thamalakane, wanda ya ratsa Maun, bai fi kashi 2 cikin 100 ba.

Ranar da bakin ruwan ya iso gari kuwa, abin kallo ne. Kogi a bushe, jakuna suna yawo a cikinsa, sai ka ga wani siririn ruwa yana tafe a hankali yana tura busasshen ganye a gabansa, yara suna biye da shi da gudu, manya sun ajiye motoci a bakin gada suna ɗaukar hoto. Wanda ke sansanin dala 1,000 ba zai ga wannan ba.

Maman Sadiq:
Ni da maigidana mun je, kuma ba mu da kuɗin sansanin nan. A gari muka kama masauki a bakin kogi, daga nan aka kai mu wani wuri da ake kira Boro, inda masu kwalekwale suke. Su suna ce wa kwalekwalen mokoro. Mutum biyu ke zama a ƙasa, mai tuƙi yana tsaye a baya da doguwar sanda. Bakin jirgin da ruwa bai fi tafin hannu ba, da farko sai da na riƙe gefe da hannu biyu ina ta salati. Amma ruwan garau yake, kana ganin rairayin ƙasa, ga bado ko'ina ya buɗe fure, ga wasu ƙananan kwaɗi masu zane da ba su kai kan yatsa ba manne a jikin kara. Da yawa daga masu tuƙin mata ne, abin ya burge ni. Wadda ta tuƙa mu ta tsaya cak a wani wuri, ta sa yatsa a baki, ta juya da mu ta wata hanya. Sai daga baya ta ce akwai dorina a gaba. Mu ba mu ga komai ba, ita ta ji hucinta.

Ana iya zuwa a dawo a yini ɗaya, ana kuma iya kwana a tsibiri cikin tanti. Ƙungiyar mutanen ƙauyukan wurin ce ke tsara layin masu tuƙi, don haka kuɗinka yana shiga hannun talaka.

Bazazzagi:
Ku yi haƙuri, ni ban ga hikimar abin ba. Mutum ya canji dala a wannan tsada ya je ƙarshen Afirka kallon giwa, alhali ga Yankari nan a Bauchi? Kuma gaskiyar da ba a son faɗi, wuraren nan ba don baƙar fata aka yi su ba. Bature ya zo daga Jamus ya kwana a tanti mai gadon alfarma, ɗan ƙasa yana wanke masa kwano.

Ɗan Nguru:
Malam Bazazzagi, rabin maganarka gaskiya ce, ba zan musa ba. Tun 1990 gwamnatin Botsuwana ta ɗauki manufar baƙi kaɗan kuɗi mai yawa, don kada cunkoso ya lalata wurin. Dajin ya tsira, amma sakamakon shi ne malamin makaranta a Maun ba zai iya kwana ɗaya a irin sansanin ba. Da yawan manyan sansanonin kamfanonin da ke da jarin waje ne, baƙo tun yana ƙasarsa yake biyan kuɗin, kuma ba duka ke sauka a Maun ba. Mutanen garin da kansu suna wannan ƙorafi, ba sai ka tambaye su ba.

Inda na saba da kai shi ne cewa wurin na Bature ne. Maun hedikwatar masarautar Batawana ce tun 1915. Gandun dajin Moremi da ake ta yabo, Batawana ne suka keɓe shi a 1963, tun kafin ƙasar ta sami 'yancin kai a 1966, ƙarƙashin Elizabeth Pulane Moremi, matar marigayi sarki Moremi na uku, wadda ke riƙon sarauta a lokacin. Sun ga maharba daga waje suna ƙarar da namun daji, suka ce a'a.

Abin da ya fi taɓa ni kuwa ya faru ne a farkon shekarun 1990. Gwamnati ta shirya yashe kogin Boro da gina madatsu don a ƙara jawo ruwa zuwa Maun da gonaki da mahaƙar lu'ulu'u ta Orapa. Har an kawo injuna. Mutanen gari suka cika dandalin fada, wanda suke kira kgotla, masunta da makiyaya da masu yankan kara suka faɗa wa jami'ai ido da ido cewa ba su yarda ba. Aka dakatar da aikin, aka gayyato masana daga waje suka duba, a 1992 aka soke shi.

Ni ɗan Nguru ne, na san abin da nake kwatantawa. Namu dausayin na Haɗeja da Nguru shi ma kogin da ba ya kaiwa teku ne ke ciyar da shi. Aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara Challawa a 1992, ambaliyar shekara-shekara ta ragu, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, gonakin shinkafa da wuraren kamun kifi suka lalace. Wa ya tara iyayenmu ya tambaye su kafin a fara? Wannan ne ya sa nake cewa a tsaya a Maun a zauna da mutanenta.

Bazazzagi:
Na ji wannan. Amma da aka keɓe Moremi ɗin, babu kowa a ciki ne?

Ɗan Nguru:
Akwai. Mutanen ƙabilar San da ke zaune a ciki an fitar da su, wasunsu suka koma Khwai a bakin iyakar gandun, kuma har yau zuriyarsu na maganar. Yanzu ƙauyen yana da yankin da yake bai wa kamfanoni haya yana samun kuɗi, amma hakan bai goge abin da aka yi musu ba. Tambayarka tana kan hanya.

Likitan Shanu:
Bari in shigo ta ɓangaren da na sani. Baban Amira, in ka fita daga Maun za ka yi arewa, za ka tarar da wani dogon shingen waya, suna ce masa shingen ɓauna. An yi shi ne don raba ɓauna da shanu, saboda ɓauna na ɗauke da cutar baki da kofato ba tare da ta nuna alama ba, ita kuwa Botsuwana tana sayar da nama a Turai, kasuwar da ba ta karɓar nama daga yankin da cutar ta ɓulla. Gefe ɗaya daji da masu yawon buɗe ido, ɗaya gefen shanu da jakuna da garake. Masu kare namun daji sun daɗe suna kukan irin waɗannan shingaye sun datse hanyoyin da dabbobi ke bi neman ruwa, kuma gaskiya ne, an yi asarar dabbobi da yawa a Kalahari ta wannan hanya. Shi kuma makiyayin yankin yana kukan cewa saboda maƙwabtaka da ɓauna, saniyarsa ba ta yin daraja kamar ta mutumin kudu.

Abin da ba zan manta da karantawa ba tun muna makaranta: a 1995 ciwon huhu ya ɓulla a shanun wannan yanki na Ngamiland, gwamnati ta yanke shawarar hallaka dukkan shanun yankin, kimanin 320,000. An biya diyya, an kawo wasu daga baya, cutar kuma ta tafi. Amma duk wanda ya san abin da saniya take a wurin makiyayi ya san ba kuɗi kaɗai aka rasa ba. Ka sami dattijo a Maun ka tambaye shi labarin waccan shekara.

Ɗan Maraɗi:
Sannunku da hira. Mu a Nijar muna da raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, suna yawo cikin gonakin mutane suna cin wake, ana haƙuri da su saboda baƙin da suke jawowa. Amma raƙumin dawa ba ya kisa. Su waɗannan da ke zaune da giwaye, yaya suke yi?

Likitan Shanu:
Da wahala suke yi, Malam. Botsuwana ta fi kowace ƙasa yawan giwaye, wajen 130,000, kuma mafi yawansu a arewa suke. A ƙauyukan gabashin kogin, wajen Seronga, garke ɗaya kan share gonar gero a dare guda, kuma ana rasa rayuka. Manoma suna rataya tsummokaran da aka shafa wa barkono da baƙin mai a shinge, suna ƙona barkono da kashin giwa don hayaƙin ya kore su, suna kwana a gona suna buga gwangwani. Shugaba Ian Khama ya hana farauta a 2014, magajinsa Mokgweetsi Masisi ya dawo da ita a 2019. A 2024 da Jamus ta yi maganar taƙaita shigo da abin da maharba suka harbo, Masisi ya ce zai aika musu giwaye 20,000 su gwada zama da su.

Maman Sadiq:
Ni dai Dakta, harbin giwa don nishaɗi bai kwanta mini ba. Mun ga wata uwa da ɗanta suna tsallaka ruwa, ɗan ya nutse sai hancinsa kawai a sama, uwar tana tura shi da ƙafa. A ce wani ya biya kuɗi don ya ɗauki hoto a kan gawar irin wannan? Ko a addini an hana kashe dabba don wasa.

Likitan Shanu:
Hajiya, ni ma ba na sha'awarsa. Kuma lasisin farautar 'yan ɗaruruwa ne a shekara, galibi na manyan maza, ba zai rage 130,000 ba, duk wanda ya ce zai magance ɓarnar gona bai faɗi daidai ba. Amma akwai ƙauyukan da ke can nesa da ruwa, inda mai kyamara ba ya zuwa, kuɗin farautar nan da naman shi ne abin da suke samu daga dajin. Da aka hana, samunsu ya faɗi, giwar kuma ba ta daina shiga gona ba. Matar da ta kwana tana gadin gerunta ita ta fi cancanta a fara jin ta bakinta, kafin ni da ke, kafin majalisar Jamus.

Maman Sadiq:
Wannan na yarda. Amma a nemo musu wata hanyar samu, kada a ce sai bindiga.

Bazazzagi:
To ai kun dawo kan maganata. Talaka ke ɗaukar wahalar giwa, mai jirgi ke kwasar dala.

Ɗan Nguru:
Shi ya sa inda Baban Amira zai kashe kuɗinsa yake da muhimmanci. In ya kwana a masaukin ɗan gari, ya hau kwalekwalen mutanen Boro, ya ɗauki ɗan jagora mai motarsa zuwa Moremi, ya sayi kwando a hannun masu saƙa, ya taimaki wanda kake tausayi. Kwandunan yankin sun yi suna, da kabar wani irin goruba ake saƙa su, a rina da saiwa da ɓawon itace, kuma matan Etsha da Gumare ne gwanayen aikin. Akwai ƙaramin gidan tarihi na Nhabe a cikin gari, ya leƙa.

Game da Yankari kuma, a je mana, ni ma ina zuwa. Sai dai wanda ya ga yadda ake riƙon wuri kamar Moremi, in ya dawo zai fi sanin abin da zai nema a yi wa namu.

Akwai kuma abin da ya kamata a sani: duk ƙoƙarin mutanen Maun, makullin ruwan ba a hannunsu yake ba. Namibiya ta taɓa shirin jan ruwa da bututu daga garin Rundu na bakin kogin zuwa Windhoek babban birninta, Angola na da buƙatar noma da lantarki a saman kogin, kuma tun 2021 wani kamfanin Kanada, ReconAfrica, yake haƙar neman mai a yankin Kavango na Namibiya. Ƙasashen uku sun kafa hukumar haɗin gwiwa kan kogin a 1994, UNESCO kuma ta sa dausayin a jerin wuraren gadon duniya a 2014, shi ne na 1,000 a jerin. Duk da haka a farin 2019 Thamalakane ya ƙafe, dorinai suka maƙale a 'yan kududdufan laka, masu kwalekwale suka zauna babu aiki.

Baban Amira:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Na fasa sansanin. Saura tambayoyin cikin gida: abinci, salla, da yadda zan isa daga Gaborone.

Maman Sadiq:
Musulmi kaɗan ne a ƙasar, don haka ka riƙa tambaya kafin ka ci nama, a manyan kantuna za ka ga kaji masu tambarin halal. Mu kifi muka fi ci, karfasa ce sabuwa daga kogi. Suna da tuwon dawa da suke kira bogobe, da tuwon masara, da seswaa, naman da ake dafawa da gishiri kawai har ya saki a daka shi, kamar dambun nama mai ɗan romo. Ka nemi tswii, saiwar bado ce da ake dafawa da nama, abincin mutanen bakin ruwan ne. Salla kuwa, ka tafi da dardumarka. In kuna daji ka gaya wa ɗan jagora, shi zai nuna maka inda za ka tsaya, kada ka ware kai kaɗai, kuma kada ka kuskura ka yi alwala a bakin kogi saboda kada.

Sannan sanyi. Yuli tsakiyar hunturunsu ne, da asuba yakan sauka ƙasa da digiri 5, kuma motar kallon dabbobin a buɗe take. Rigar sanyi mai kauri, hula, safar hannu. Da rana kuma sai ka tuɓe su duka.

Ɗan Maraɗi:
Sauro fa?

Likitan Shanu:
Akwai zazzaɓin cizon sauro a arewacin ƙasar, ya fi yawa da damina, daga Nuwamba zuwa Afrilu. A Yuli da sauƙi, amma ya ga likitansa kafin ya tashi. Ƙudan tsando da ya addabi yankin a da, an kawar da shi da feshin jirgin sama a 2001 da 2002. Katin rigakafin shawara kuma ya kasance tare da fasfo, tunda daga Najeriya zai fito, biza ma ya fara nema da wuri.

Ɗan Nguru:
Daga Gaborone akwai jirgi zuwa Maun. Ta mota tafiyar yini ce cur, ko ta Francistown da Nata, ko ta Ghanzi, kowacce ta haura kilomita 800. In ka zaɓi mota kada dare ya same ku a hanya, shanu da jakuna suna kwanciya a kan kwalta, tsakanin Nata da Maun har giwa takan tsallaka. Ta hagu suke tuƙi, ka kiyaye wajen tsallaka titi. Moremi kada ka ce za ka tuƙa kanka, daga gari zuwa ƙofar kudu kimanin kilomita 100 ne, kwalta na ƙarewa tun a Shorobe, sauran rairayi ne mai zurfi sai mota mai fowil da wanda ya san hanya. Tun kafin asuba ake tashi in yini ɗaya za a yi.

In kuɗi ya ɗan ragu, akwai ƙananan jiragen da ke zagaya dausayin na awa ɗaya, ku haɗu mutum huɗu ko biyar ku raba kuɗin. Daga sama ne za ka ga hanyoyin da dorinai suka tsaga cikin ciyayi, da tsibiran da suka faro daga suri, kowanne da rukunin itatuwan kanya da goruba a gefensa da farin gishiri a tsakiya. Kafin ka biya kuɗin kwalekwale kuma ka kira masaukin ka tambaya ko ruwa ya iso Boro, don wata shekarar yakan makara, sai an yi tafiya mai nisa da mota kafin a same shi.

Baban Amira:
Madalla. Uwargida har ta fara maganar yi mini kilishi na guzuri.

Likitan Shanu:
Ka ba Hajiya haƙuri, a bar kilishin a gida. Ƙasar ba ta wasa da shigo da nama, za a iya karɓe shi tun a filin jirgi. A kan hanya ma akwai shingayen likitocin dabbobi inda ake buɗe akwatin sanyi a duba, wani wurin har a sa ku sauko ku taka maganin kashe cuta da takalmanku, na ƙafa da na cikin jaka. Ta yi maka ƙuli-ƙuli da yaji, sannan ka bayyana su in an tambaye ka a kwastan.